Ɗana yana so ya bar New Jersey ya koma Teksas saboda haraji da dokar bindiga, ina neman shawara

Mazaunin Jidda ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san Amurka, ko sun zauna a can ko suna da 'ya'ya a can, a kan wata magana da ta tsaya mini a rai. Babban ɗana yana zaune a jihar New Jersey, kusa da birnin Newark, tare da matarsa da 'ya'yansu uku, kuma babbar cikinsu ba ta gama firamare ba. Aikin kwamfuta yake yi, Alhamdulillahi yana samun abin rufin asiri har ma yana tallafa mana. Yanzu ya zo mini da maganar cewa yana so ya kwashe iyalinsa ya koma jihar Teksas, wajen Dallas ko Houston, kuma ya ce ba zai motsa ba sai na sa masa albarka.

Dalilai uku ya ba ni. Na farko haraji, domin ya ce a inda yake gwamnatin tarayya tana yankar albashinsa, jiha ma tana yanka, ga harajin gida mai nauyi, alhali a Teksas jiha ba ta taɓa albashin mutum. Na biyu bindiga. Akwai daren da aka gwada ƙofar bayan gidansu yana kan tafiya, matarsa ce kaɗai da yara a ciki, kuma tun daga ranar hankalinsa bai kwanta ba. Da ya je neman izinin mallakar ƙaramar bindiga, sai ya tarar da cike-ciken takardu, da ɗaukar zanen yatsu, da kawo mutanen da za su ba da shaida a kansa, da dogon jira, sai abokansa suka gaya masa cewa a Teksas mutum yakan shiga shago ya fito da bindigarsa a rana ɗaya. Na uku siyasa, musamman abin da ake koya wa yara a makarantun gwamnati game da jinsi da aure, wanda yake jin tsoron zai ɓata tarbiyyar 'ya'yansa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ƙasa ɗaya take da dokoki iri-iri har mutum ya yi ƙaura saboda su. A nan Saudiyya wanda ya tashi daga Jidda ya koma Riyad ko Dammam ba abin da ya canja masa a doka, igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ita ce dai igamarsa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, maganar bindigar ce ta fi tayar mini da hankali, domin ni mutumin yammacin Katsina ne, kuma kowane mako sai na ji labarin abin da bindiga ta yi wa danginmu a ƙauyuka. Don Allah wanda ya san gaskiyar waɗannan abubuwa uku ya warware mini su, domin ba na so in hana yaro abin da zai amfane shi saboda jahilcina, ba na kuma so in sa albarka a abin da zai cuci jikokina.

Injiniya daga Dammam ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na zauna a Houston wasu shekaru a ƙarƙashin kamfanin man da nake yi wa aiki, don haka zan yi magana a kan haraji, wanda shi na fi sani, in bar maganar bindiga ga waɗanda suka fi ni saninta.

Jihohin Amurka hamsin kowacce tana da kundin tsarin mulkinta, da majalisarta, da kotunanta, kuma ita ke yanke harajinta, ita ke tsara makarantunta da yawancin dokokin laifi. Saboda haka ƙaura irin wadda ɗanku yake nufi abu ne da aka saba, kuma mutane da yawa suna yin ta. Bayan ƙidayar 2020 Teksas ta sami ƙarin kujeru biyu a majalisar wakilai ta tarayya, Filorida ta sami ɗaya, Kalifoniya kuwa ta rasa kujera a karo na farko a tarihinta, New York da Illinois ma kowacce ta rasa ɗaya. Ke nan ɗanku ba shi kaɗai ne ya hango wannan hanya ba.

Maganarsa gaskiya ce cewa Teksas ba ta karɓar harajin albashi, har ma a 2019 masu zaɓe suka saka haramcin hakan a cikin kundin tsarin mulkin jihar. Jihohi tara ne ba sa yankar albashi: Teksas, Filorida, Tennessee, Nevada, Washington, Wyoming, Alaska, South Dakota da New Hampshire. To amma ku lura da abu biyu. Harajin tarayya, wanda shi ne babba, yana nan daram a duk jihar da mutum ya je. Sannan kashi 10.75 cikin 100 da ake yawan ambata wa New Jersey na wanda yake samun fiye da dala miliyan ɗaya ne a shekara, mai matsakaicin albashi kuwa abin da jihar take cira daga hannunsa bai kai rabin wannan ba. Ya kamata ɗanku ya ɗauko takardar harajinsa ta bara ya duba ainihin abin da ya biya jiha, domin wannan adadin shi ne ribar da yake magana a kai, ba abin da abokai suka faɗa ba.

Mu mazauna Saudiyya ya fi kamata mu gane wannan lissafi da sauri. A nan ba a yankar albashin kowa, amma tun watan Yulin 2020 harajin da ake ɗorawa a kan kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15, kuma baƙo mai iyali yana biyan riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya ce a Saudiyya ba a biyan haraji bai riƙe gida ba. Teksas ma haka take, abin da ba ta ɗauka a albashi tana ɗaukarsa a gida da kasuwa. Harajin saye a jihar kashi 6.25 ne, idan aka haɗa da na gari yakan kai 8.25 a manyan birane, alhali na New Jersey 6.625 ne, kuma a New Jersey ba a ɗora shi a kan tufafi, a Teksas kuwa ana ɗorawa. Mai yara uku da ke girma zai ji wannan bambancin a jikinsa.

Harajin gida shi ne inda nake so a tsaya sosai. New Jersey tana cikin jihohin da suka fi kowa tsadarsa, matsakaicin abin da mai gida yake biya ya kai kusan dala 10,000 a shekara, don haka kukan ɗanku yana da tushe. Sai dai Teksas ita ma tana sahun gaba a wannan fanni, domin da harajin gida take ɗaukar nauyin makarantunta. A sababbin unguwannin bayan gari, waɗanda su ne suke jan hankalin baƙi saboda manyan gidaje masu araha, akan ƙara wani haraji na musamman don biyan bashin da aka ci wajen jawo ruwa da gina magudanai, har jimillar ta wuce kashi 2 cikin 100 na darajar gidan kowace shekara. Na ga abokin aikina da ya sayi gida a irin wannan unguwa yana murnar samun ɗakuna huɗu da fili, bayan shekara ɗaya aka sake kimanta gidan, kuɗin da yake biya kowane wata ya tashi, ya zo ofis da takardar a hannu yana neman wanda zai fassara masa ita. Akwai rangwame ga wanda yake zaune a gidansa na kansa, kuma a 2023 an ɗaga shi zuwa dala 100,000 daga darajar gidan a ɓangaren harajin makaranta, amma sai mutum ya cika takarda ya nema, ba ya zuwa da kansa.

Sai inshorar gida, wadda masu ƙaura suke mantawa da ita. Yankin Dallas yana fama da ruwan ƙanƙara mai fasa rufi, Houston kuwa tana fama da ambaliya, kuma wanda ya ga guguwar Harvey a 2017 ya san abin da nake nufi, saboda haka kamfanonin inshora suna tsawwala kuɗi. Ga kuɗin wuta a lokacin zafi, domin na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa watanni da dama. Ga mota, domin a New Jersey mutum yana iya hawa jirgin ƙasa zuwa aiki, a bayan garin Dallas kuwa miji da mata kowa sai da motarsa, kuma manyan hanyoyi da yawa na biyan kuɗi ne.

Duk da haka ra'ayina shi ne mai albashi mai kauri, wanda zai tafi da albashinsa yadda yake, yawanci yakan ci riba a Teksas, kuma babbar ribar tana cikin farashin gidan kansa, ba cikin haraji ba. Wanda albashinsa zai ragu idan ya koma, ko mai ƙaramin ƙarfi, sau da yawa bai tsira da komai ba. Ku ce masa ya rubuto muku lissafin jihohin biyu a takarda ɗaya, da albashi, da kuɗin gida, da harajin gidan da yake so ya saya na wannan unguwar takamaimai, da inshora, da motoci. Idan ya kasa kawo wannan takarda, to bai shirya tafiya ba tukuna.

Ɗan Mai Wurno ya amsa:

Salamu alaikum. Yaya Alhaji, ni Bahaushen Sudan ne, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 shi ya kawo ni Jidda da iyalina, don haka ba Amurka na sani ba, bindiga na sani. Tsoron da kuke ji tsoro ne na gaskiya, kada kowa ya sa ku ji kunyarsa.

Bayan rikicin jihar Bulunayil na watan Yulin 2022, wanda aka kashe Hausawa da yawa a cikinsa, mutanenmu da dama sun sayi makami, kuma ban zargi kowa ba, domin wanda aka ƙona wa gida yana kallo ba a yi masa wa'azin haƙuri da sauƙi. Maƙwabcina, mutumin kirki mai sallah, ya sayi tasa ya naɗe ta cikin tsohon bargo ya tura ƙarƙashin gado, yana cewa ba wanda ya san da ita sai shi da matarsa. Ashe yaransa duk sun sani. Wata rana da rana tsaka yana kasuwa, ɗansa mai shekarun balaga ya ciro ta don ya nuna wa ɗan baffansa, yatsa ya taɓa kunama, harsashi ya shiga cinyar yaron. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau yana ɗingishi, kuma gidajen biyu ba su koma yadda suke ba. Maharan da aka sayi bindigar dominsu ba su taɓa zuwa wannan layin ba.

Na san za a ce Sudan ba Amurka ba ce, kuma haka ne, domin mu hukuma ce ta rushe a kanmu, su kuwa suna da 'yan sanda da kotu. To wannan ma hujja ce a wajena. Mutumin da zai iya buga waya 'yan sanda su zo, me zai kai shi ajiye abin kisa a gidan da ke da yara uku ƙanana? Kuma a daren da aka gwada ƙofar, shi ba ya gida. Ke nan matarsa ce za ta riƙe bindigar. An tambaye ta ko tana so? An tambaye ta ko za ta iya harbin mutum a cikin duhu, alhali ba ta tabbatar ko ɓarawo ne ko maƙwabci da ya ɓata hanya ba? Idan zai koma Teksas don gida mai araha, Allah ya sa albarka. Idan don bindiga ne, ni ban ga dalilin da ya kai a tayar da iyali daga inda suka saba ba. Ƙofa mai ƙarfi, da fitila a bayan gida, da kyamara, da canja unguwa a cikin jihar da yake, duk sun fi sauƙi.

Ɗalibi daga Madina ya amsa:

Assalamu alaikum. Baba, a Bronx ta birnin New York na tashi, iyayena mutanen zangon Kumasi ne, yanzu ina karatu a Madina. Ina girmama abin da Kawu na Mai Wurno ya faɗa, kuma yawancinsa na yarda da shi, sai dai ba na so a ɗauka cewa son kare iyali da makami laifi ne. Addini ya halatta wa mutum kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, kamar yadda ya hana ko da nuna wa ɗan uwa makami da wasa. Abin da ya rage shi ne a san doka, a kuma san haɗarin.

Tushen maganar shi ne gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, na shekarar 1791. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta ce mutum yana da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa don kare kai, a 2010 ta ce wannan haƙƙi ya hau kan jihohi ma, sannan a watan Yunin 2022, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin da New York take gindayawa na sai mutum ya nuna wata buƙata ta musamman kafin a ba shi izinin fita da bindiga. Wannan hukunci ya shafi New Jersey. Ma'ana, ɗanku yana iya mallakar bindiga a inda yake, abin da ya dame shi jinkiri ne da takardu, ba hani ba. New Jersey tana buƙatar katin shaida na mai sayen bindiga, da izini daban ga kowace ƙaramar bindiga, kuma ta hana gidan harsashi mai ɗaukar fiye da goma. Teksas ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma tun 1 ga Satumban 2021 wanda ya kai shekara 21, idan doka ba ta hana shi mallaka ba, yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ko horo ba. Fiye da rabin jihohin ƙasar yanzu haka suke.

Ga abin da nake roƙon ku tambaye shi kai tsaye: wace irin takardar zama yake da ita? Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye. Wanda yake kan bizar aiki ko ta karatu kuwa, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu 'yan keɓantattun dalilai, kamar lasisin farauta, kuma wannan doka tana aiki a Teksas kamar yadda take aiki ko'ina. A shagon dillali mai lasisi akwai takardar tarayya da ake cikawa, ana kuma binciken tarihin mai saye, kuma yin ƙarya a wannan takarda babban laifi ne da zai iya kai wanda ba ɗan ƙasa ba ga kora. Haka nan idan ya saba da dokar Teksas, ya zo ziyarar abokai a New Jersey ko New York da bindiga a mota, zai iya tsintar kansa a kurkuku. Dokar tarayya ta 1986 ta ba matafiyi kariya ne kawai idan wucewa yake yi, bindigar ba harsashi a cikinta, tana kulle a inda hannu ba ya kaiwa.

Game da tsaro kuwa, alƙaluman hukumar lafiya ta tarayya sun nuna cewa a 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. A wannan shekara, cikin kowane mutum 100,000, New Jersey ta rasa kimanin biyar, Teksas kimanin goma sha biyar, Misisipi fiye da talatin. Jihar da yake so ya bari tana cikin waɗanda suka fi ƙarancin mutuwa ta bindiga a duk ƙasar. Ba na cewa kowace unguwa a Teksas ta fi unguwarsa haɗari, domin akwai garuruwan bayan Dallas masu kwanciyar hankali ƙwarai, kuma harin Buffalo na watan Mayun 2022 a jihar New York mai tsauraran dokoki aka kai shi, kwana goma kafin na makarantar Uvalde a Teksas inda aka kashe yara 19 da malamai biyu. Abin da nake cewa shi ne sauƙin da zai samu wajen sayen bindiga, kowa a jihar yana da shi, har da wanda zai yi faɗa da shi a kan hanya. Idan ya nace sai ya mallaka, to ya yi horo shi da matarsa, ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli tun kafin ya sayi bindigar. A Teksas ɗin ma laifi ne a bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta.

Hajiya daga Makka ta amsa:

Assalamu alaikum. Alhaji, 'yata tana aure a bayan garin Dallas, kuma nakan je mata wankan jego, don haka bari in faɗi abin da ido ya gani. Ni ina goyon bayan tafiyar, amma ba don dalilan da ɗanku ya jera ba.

Abin da na gani a can shi ne jama'a. Akwai manyan masallatai a Irving da Richardson da Plano, da makarantun Islamiyya na cikakken lokaci, da ajin hadda, da mahauta masu naman halal, kuma ranar Idi sai an kama babban zaure saboda yawan mutane. Houston kuwa tana cikin biranen da 'yan Najeriya suka fi yawa a Amurka. Jikokina suna da tsakar gida da suke wasa, abin da ba su samu ba lokacin da suke haya a bene. Wannan shi ne abin da zai riƙe tarbiyyar yara, ba sunan jam'iyyar gwamna ba.

A kan siyasa ina so ɗanku ya buɗe ido biyu. Gaskiya ne a 2019 New Jersey ta yi dokar da ta sa a riƙa koyar da tarihin masu auren jinsi a makarantun gaba da firamare, kuma shugabannin Teksas suna adawa da irin wannan. Tun 1994 ɗan jam'iyyar Dimokurat bai sake cin zaɓen da ya game jihar Teksas baki ɗaya ba, ko da yake manyan biranen kamar Houston da Dallas da Austin su Dimokurat suke zaɓa. Sai dai waɗanda suka yarda da mu a kan aure da iyali ba lallai ne su yarda da zamanmu ba. A watan Janairun 2017 aka ƙona masallacin garin Victoria da ke Teksas. A 2025 gwamna Greg Abbott ya sa aka buɗe bincike iri-iri a kan wata unguwa da jama'ar masallacin gabashin Plano suka shirya ginawa, kuma 'yata ta ce a watannin nan mata da yawa sun rage fita su kaɗai da hijabi. A 2025 ɗin ce kuma majalisar jihar ta yi dokar liƙa dokoki goma na Attaura a azuzuwan makarantun gwamnati, maganar har ta kai kotu. A ɗaya gefen, a zaɓen 2022 Musulmi biyu sun shiga majalisar wakilan jihar a karo na farko. New Jersey ma ba a baya take ba wajen Musulmi, wanda ya je Paterson ya san haka.

Sai abin da maza ba sa tunawa. Idan matarsa tana kan haihuwa, su duba inshorar lafiyarsu da kyau, domin Teksas tana cikin jihohin da ba su faɗaɗa tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi ba, kuma ita ce ta fi kowace jiha yawan kason mutanen da ba su da inshora. Idan aiki ya tsaya, iyali sun shiga wahala. Kuma a tambayi yarinyar nan ko tana da 'yan uwa a inda suke yanzu. A sanyin watan Fabrairun 2021, da wuta ta ɗauke kwanaki a Teksas har hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka mutu, bututun ruwan gidan 'yata ya fashe, suka tattaru a ɗaki ɗaya da barguna da jariri. Wata maƙwabciya 'yar Sakkwato ce ta zo ta kwashe su zuwa gidanta. Kafin su zaɓi unguwa, su fara sanin su waye za su buɗe musu ƙofa a irin wannan rana.

Mazaunin Jidda ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya jiƙan mahaifa. Na kira shi jiya bayan isha'i na karanta masa amsoshinku. Yana da katin zama na dindindin, don haka wannan ɓangaren ba matsala. Maganar bindiga na ce masa ban hana shi haƙƙinsa ba, amma ba zan karɓe ta a matsayin dalilin ƙaura ba, kuma sai na ji daga bakin matarsa da kaina. Ya yarda zai kai iyalin su ga wurin a lokacin hutun makaranta kafin a yanke komai. Game da albashi, ya ce in kwantar da hankalina ba zai ragu ba, domin kamfanin da yake yi wa aiki a birnin New York yake, kuma sun amince ya ci gaba da aiki daga gida ta intanet ko da ya koma Teksas. Injiniya, wannan ya cika sharaɗin da kuka faɗa ke nan?

Injiniya daga Dammam ya amsa:

Alhaji, wannan bayanin ya canja lissafin, kuma gara da kuka faɗe shi yanzu. Jihar New York tana da wata ƙa'ida da take aiki da ita a kan masu aiki daga nesa. Idan ofishin da aka ɗora ma'aikaci a kansa yana New York, kuma shi ne ya zaɓi yin aiki daga gida don jin daɗin kansa, ba kamfanin ne ya wajabta masa zama a can ba, to jihar tana ɗaukar kwanakin aikin nan kamar a cikinta aka yi su, tana kuma karɓar harajinta a kan albashin ko da mutumin yana Dallas. A yanzu ma, tunda kamfanin a New York yake, mai yiwuwa yawancin abin da ake yanka masa New York ce take ɗauka, New Jersey kuma tana rage masa abin da ya riga ya biya a can. Idan ya koma Teksas a haka, zai iya ci gaba da biyan New York, ga kuma harajin gida da na saye na Teksas a kansa.

Mafitar tana hannun kamfanin. Idan suna da ofishi a Teksas, ko za su mayar da shi ƙarƙashin wani reshe da ba na New York ba, to ya nemi su yi hakan a rubuce, kuma ya tambaye su ko za su rage albashin saboda ya koma inda rayuwa ta fi araha, domin wasu kamfanoni suna yin haka. Sannan ya biya akanta mai lasisi wanda ya saba da harajin jihohin biyu ya duba masa takardunsa. Kada ya saki gidan da yake ciki, kada kuma ya ba da kafin alƙalami a kan wani gida a Teksas, sai amsar kamfanin da ta akantan sun zo hannunsa.